Kabarin da Waya Ta Karkata

Shafi na 23

Iliyasu ya fasa wa ƙaninsa Zulkifli kai da ƙotar fartanya a ƙofar gidan ubansu, a gaban 'yan zaman makoki.

Bugu ɗaya ya yi masa. Hula ta yi gefe. Jini ya biyo bayan kunne ya sauka a kan farar riga.

Ba wanda ya motsa.

Wayoyin suna nan a kan tabarma inda aka jera su. Ta Zulkifli, ta Bahauddeen ɗan kawunsu, da ta wani baƙo da ya zo ta'aziyya daga Zandam. Biyu kibiyarsu ta nuna alƙibla na kallon inda masallacin garin yake kallo. Ta Zulkifli ita kaɗai ta bauɗe, tana nuna wajen Bauchi.

Da ita aka auna kabarin ubansu, Malam Hadi.

Ranar da tsohon ya cika a asibiti a Birnin Kudu, Iliyasu ne ya tsaya neman motar da za ta kawo gawa ƙauyensu, nan bayan Basirka. Zulkifli ya hau babur ya riga shi gida don a yi haƙa. Ko da mota ta iso an gama. Iliyasu ya ga kabarin ya fita daga layin sauran, ya tambaya. Zulkifli ya ce, "Na da ɗin ne suka karkace, Yaya. Wannan da na'ura aka auna." Hadari na haɗuwa, jama'a na tsaye, gawa ba ta jira. Shi manomi ne, ƙaninsa ke koyarwa a Islamiyya a birni. Sai ya yi shiru. Da kansa ya shiga ramin ya kwantar da ubansa.

Shirun nan ne yake cin sa yanzu.

Ya juya ga Bahauddeen, wanda ke da rumfar gyaran waya a kasuwar Birnin Kudu.

"Maimaita."

"Yaya Iliyasu, ka ajiye fartanyar tukuna."

"Maimaita abin da ka faɗa."

Bahauddeen ya dubi wayoyin.

"Cewa na yi ba ƙarfen wayar ba ne ya lalace. Manhajar ce. Tunda irin waɗannan wayoyin suka sabunta kansu kamfas ɗinsu na alƙibla ya rikice. Yau ya nuna nan, gobe ya nuna can. An sha kawo mini su."

"Ba wannan ba. Na ƙarshen."

"Na... na gaya masa."

"Yaushe?"

"Tun Malam na kwance a asibiti. Ya zo rumfata yin caji. Na ce kada ya yi salla da ita sai an gyara."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce ai in an jujjuya ta a iska tana dawowa daidai."

Zulkifli na durƙushe, hannu a kai, jini na fita ta tsakanin yatsu. Iliyasu ya sunkuya a kansa.

"Ka jujjuya ta?"

"Na jujjuya, Yaya. Wallahi na jujjuya ta sosai."

"Ubanka na cikin likkafani kana rawa da waya a maƙabarta."

"Alheri na nufa."

"An gaya maka ƙarya take yi?"

Zulkifli ya kawar da kai.

"Da kai nake, Malamin birni. An gaya maka?"

"An gaya mini."

Iliyasu ya ɗaga fartanyar. Mutane suka zabura, har wani ya yi salati. Ba a kan Zulkifli ta sauka ba. A kan wayar ta sauka. Gilashi ya watse a tabarma. Ya ƙara mata, ya ƙara, sai da bakin fartanya ya huda tabarmar ya shiga ƙasa.

"Ya isa."

Baffa Ikrima ne, ƙanin mamacin, malami mai makaranta a Zandam. Tun da aka fara bai tashi daga buzunsa ba. Yanzu ya tashi, ya dogara sanda.

"Yayana ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane fuskantar alƙibla. Ba zai kwanta yana ba ta kafaɗa ba. A buɗe a gyara, tun ƙasa ba ta riƙe shi ba."

Wani dattijo daga cikin maƙwabta ya ce, "Malam, a garin nan ba a taɓa buɗe kabari ba."

"A garin nan an taɓa binne mutum da waya?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

Baffa ya dubi mutanen da suka zo tare da shi. "Ku zo mu bi gidaje mu aro shebur da diga. Iliyasu, ka jira ni nan."

Iliyasu bai jira ba.

Baffa na shan kwana Iliyasu ya cafki wuyan rigar Zulkifli ya fizge shi tsaye.

"Da hannunka ka karkata shi. Da hannunka za ka gyara shi."

"Yaya, ka tsaya Baffa ya..."

"Tafi!"

Daga cikin gida mata suka ɗauki kuka. Wata na kiran sunansa ta bayan katanga. Bai waiga ba. Ya ja ƙanin nasa suka bi hanyar gona, gero ya fi tsayin mutum dama da hagu, ƙasa a jiƙe da ruwan jiya. Zulkifli ya zame ya faɗi. Iliyasu bai sake shi ba, haka ya ci gaba da jan sa a taɓo har takalmi ɗaya ya fita.

Bahauddeen ya biyo su da gudu ya sha gabansu.

"Yaya Iliyasu, dubi jinin da yake zubarwa. A ɗaure masa kan nan tukuna, sai a yi duk abin da za a yi."

"Kauce."

"Ni na jawo wannan da bakina. Don Allah..."

Gwiwar hannu ya sa masa a baki. Bahauddeen ya faɗa cikin gero, ya taso yana tofar da jini. Duk da haka bai koma ba. Ya bi su a baya, nesa kaɗan, yana riƙe da leɓe.

A maƙabarta suka tarar da Ɗan'azumi, tsohon da ke haƙar kabari a garin tun Iliyasu bai yi wayo ba. Yana cike inda ruwa ya zaftare. Da ya hango su ya miƙe, diga a hannu.

Ga kaburbura a jere, kai kudu, ƙafa arewa, kamar kunyoyin gona. Ga na Malam Hadi shi kaɗai a gicciye, ƙasarsa ja, ko ciyawa ba ta fito ba. Wajen ƙafarsa ya matso jikin wani ɗan ƙaramin kabari mai fasasshiyar tukunya a ka.

Na Munawwara ne, 'yar Iliyasu. Zazzaɓi ya ɗauke ta a daminar bara, tana fara zuwa makarantar kakanta. Malam Hadi amaryarsa yake kiran ta. Ranar da aka rufe ta ya nuna filin da ke gefe da sandarsa ya ce, "Nan za ku sa ni, kusa da amaryata."

Iliyasu bai kalli ƙaramin ba. Ba ya iya kallon sa. Ya wurga Zulkifli a kan jan tudun, ya jefa masa fartanya.

"Tona."

Zulkifli ya ja da baya da gindi.

"Ba zan iya ba."

"Ka iya ja wa Baba Ɗan'azumi layi. Tona."

"Yaya, ka kashe ni in ka ga dama. Kada a buɗe wurin nan."

"Kunya kake ji ya ga fuskarka?"

"Ba haka ba ne."

"To mene ne?"

Zulkifli ya dubi Ɗan'azumi. Ɗan'azumi ya dubi ƙasa.

Iliyasu ya sa masa ƙafa a haƙarƙari. Zulkifli ya nannaɗe. Ya ƙara masa a baya. Ya kama ƙeyarsa ya tusa fuskarsa cikin ƙasar kabarin, ya juya masa kai wajen kudu.

"Kalla! Nan ka juya shi. Me ke can? Makka ce can? Tashar Bauchi ce can, ɗan banza!"

Zulkifli na tari, ƙasa a baki, ƙasa a ido, jinin kansa ya haɗu da jar ƙasa. Ya kama ƙafar yayan nasa da hannu biyu ya ƙanƙame.

"Na roƙe ka da girman Allah. Ka bar shi yadda yake. Zunubin a kaina."

"Da ma a kan wa yake?"

Ya fizge ƙafarsa. Ya nufi Ɗan'azumi.

"Baba, ba ni digar."

"Iliyasu, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake tsoro. Ba ni."

Ya murɗe ta daga hannun tsohon. Ya tsaya wajen ƙafar kabarin, ya yi bismilla, ya kai sara. Ƙasa mai laushi ce, diga ta shige har wuya. Ya zaro, ya sake ɗagawa.

Ɗan'azumi ya rungume ƙotar.

"Ba nan ba! Kada ka sake sara nan!"

"Sake ni."

"Ba zan sake ba."

Iliyasu ya girgiza shi ya yar. Tsohon ya faɗa kan tukunyar wani kabari, ta fashe a ƙarƙashinsa, tsingaro ya yanke masa damtse. Daga nan ƙasa ya ɗaga murya.

"Ba ubanka kaɗai za ka buɗe ba!"

Digar ta tsaya a sama.

"Me ka ce?"

"Baba Ɗan'azumi," in ji Zulkifli, "ka yi mini alkawari."

"Na yi. Na karya."

Iliyasu ya sauke digar a hankali.

"Faɗa."

Tsohon ya zauna, ya dafe damtsensa.

"Da ya zo da wayarsa na ce masa mu layi muke bi. Inda na gefe ya kalla, nan sabo zai kalla. Ya ce mini jahilci ne, a gaban masu taya ni haƙa. Na ji haushi. Na ce to, ja mana, kai ka sani. Ya ja da ƙafarsa. Na bi."

"Sai me?"

"Filin da Malam ya nuna na mutum ɗaya ne, in an bi layi. In aka gicciye ba ya isa. Na san haka. Haushi ya hana ni faɗa."

"Baba, sai me?"

"Da muka kai ramin ciki, wajen ƙafa, diga ta faɗa wofi."

Iliyasu ya matso kusa da shi.

"Na sa hannu na share. Itace na gani. Bayan itacen..."

Ya kawar da fuska.

"Ƙarasa."

"Likkafani. Ƙarami."

Bahauddeen ya ce, "Innalillahi."

"Na ce a mayar da ƙasa a sake wuri. Ya ce motarku ta taso, ba lokaci, kuma me za a ce wa mutane. Ya kori masu taya ni, ya ce su je ɗebo ruwa. Shi da kansa ya sauka ya kwaɓa ƙasa ya liƙe wurin. Abin da ya raba ubanka da 'yarka bai kai kaurin tafin hannuna ba, Iliyasu. Ga damina. Ka ɗaga itace ɗaya daga nan, su biyun za su rufta wuri guda."

"Ka gan ta?"

"Ƙyallen na gani."

"Ka gan ta?"

Tsohon ya runtse ido.

"Ƙafa."

Iliyasu ya tsaya. A ranar jana'iza ya ga wani ɗanyen shafe a bangon ramin, daidai inda ya miƙe ƙafafun ubansa. Har gwiwarsa ta goga. Ya ɗauka gyaran masu haƙa ne.

"Kai ma ka yi shiru, Baba."

"Na yi. Abin da kake yi yanzu shi na ji tsoro."

Iliyasu ya juya. Zulkifli ya riga ya fara ja da baya, yana dafa ƙasa, ido ɗaya a rufe da jini.

"Ka taɓa ta?"

"Rufe ta na yi, Yaya. Na yi mata addu'a. Wallahi tun ranar ban yi barci ba."

"Ka zauna kusa da ni a makoki. Ka ci tuwon da uwarta ta tuƙa."

"Na so in gaya maka."

"Ka so."

Bai san lokacin da digar ta tashi ba. Kan yake nema, tsakiyarsa. Bahauddeen ya daka tsalle ya rungume shi ta baya, saran ya kauce. Gefen ƙarfen ya sami hannun da Zulkifli ya ɗaga yana kārewa. Ƙashi ya yi ƙara kamar an karya kara.

Ihun Zulkifli ya tashi tsuntsayen da ke kan tsamiya.

Suka faɗi tare, Iliyasu da Bahauddeen. Suka yi birgima a tsakanin kaburbura. Iliyasu ya hau kansa ya shaƙe shi.

"Kai ma! Ka san ƙarya take yi ka bar shi da ita!"

"Ban san... kabari zai..."

Idon Bahauddeen ya firfito. Ɗan'azumi ya rarrafo ya riƙa dukan bayan Iliyasu da hannunsa mai lafiya.

"Za ka yi kisa a kan 'yarka! Dubi inda ƙafarka take!"

Ya duba. Diddigensa na kan ƙaramin tudun. Ya ture tukunyar da ke kai, ta mirgina gefe.

Ya saki wuyan.

Ya rarrafa ya ɗauko tukunyar ya mayar inda take. Ya share sawun diddigensa da tafin hannu. Sannan ya ga ramin da digarsa ta yi a ƙafar kabarin ubansa. Bakin ramin na tsagewa, ƙasa na gangarawa ciki kaɗan-kaɗan, tsagar ta nufi wajen Munawwara.

Ya durƙusa. Ya riƙa tara ƙasa da hannu biyu yana cusawa. Ba ya dannawa da ƙarfi. Yana tsoron nauyin hannunsa.

A haka Baffa Ikrima ya same shi.

Da mutane ya zo, na Zandam da wasu samarin gari, kowa da abin haƙa. Wani na ɗauke da sabon farin yadi, wani da tulun ruwa. Baffa ya dubi Zulkifli yana murƙususu da karyayyen hannu, ya dubi Bahauddeen yana tari, ya dubi jinin Ɗan'azumi.

"Na ce ka jira ni."

Iliyasu bai ɗago ba.

"Ku ɗauke wannan ku kai shi inda za a ɗaure shi. Saura ku matso. Iliyasu, tashi. Me kake cikewa? Buɗewa muka zo yi."

Ɗan'azumi ya ce, "Malam, akwai magana."

Ya faɗa masa. A taƙaice ya faɗa, amma kowa ya ji. Samarin gari suka sauke shebur. Wani ya juya ya tafi.

Baffa ya daɗe yana jan gemu. Fuskarsa ba ta sake ba.

"Allah ya jiƙan ta. Jikata ce ni ma. Amma yarinya ce, ba alƙalami a kanta, an kuma kwantar da ita daidai. In ta bayyana za mu rufa mata yadi mu mayar. Yayana fa? Haka zai zauna har tashin ƙiyama?"

"Allah ya san inda Malam ya kalla yana raye," in ji Ɗan'azumi.

"Kai ba da kai nake ba. Kai ka haƙa."

Iliyasu ya tashi. Gwiwoyinsa jajur da ƙasa. Ya ɗauki digar. Ya taka a hankali ya tsaya a ɗan tsukin da ke tsakanin ubansa da 'yarsa.

"Baffa, shekara guda take a nan."

"Na sani."

"Ba yadi za ku rufa wa ba. Ƙashi za ku tsinta."

"Mu ma ƙashin za mu zama."

"Me zan ce wa uwarta?"

"Ka ce mata umarnina ne."

"A gaban waɗannan ƙartin?"

"Iliyasu." Baffa ya matso, sandarsa na nutsewa a ƙasa. "Wa ya fasa kan ɗan'uwansa saboda an karkata ubansa? Wa ya jawo shi a taɓo har nan? Wa ya fara sara? Kai ka tara mu. Yanzu da abin ya zo kan taka sai uban ya zama ba komai?"

Maganar ta shige shi. Ya dubi dogon tudun. Mutumin da ya koya masa alwala ne a ciki, wanda in sahu ya karkace ko kaɗan ba ya tayar da salla sai an gyara. Yana nan kwance yana kallon inda ba a kallo, kuma da hannun Iliyasu aka kwantar da shi.

Ya dubi ƙaramin.

"Ubanka ne," in ji Baffa.

"Na sani."

"To matsa."

Bai matsa ba.

Baffa ya ɗauke shi da mari. Tsoho ne, amma hannunsa na da nauyi. Leɓen Iliyasu ya fashe. Tun da aka haife shi bai taɓa haɗa ido da Baffa Ikrima ba. Yau ya haɗa.

Baffa ya waiga ga mutanensa.

"Ku ɗauke shi daga nan."

Mutanen Zandam suka ajiye tulu. Suka rabu biyu, wasu ta dama, wasu ta hagu, shebur a hannu, suna taka tsakanin kaburbura. Iliyasu ya gyara tsayuwa. Ya riƙe ƙotar da hannu biyu ya ɗaga ta daidai kafaɗa.

"Na ƙarshe ke nan," in ji Baffa. "Ni ne ubanka yanzu. Matsa."

Iliyasu ya tofar da jinin bakinsa can nesa da kaburburan.

"Ba zan matsa ba."